A Riƙa Duba Wasa Kafin a Miƙa wa Yaro

A cikin watan Agusta akan yi wani gagarumin baje koli a birnin Kolon na ƙasar Jamus, wanda ake kira Gamescom. Hajar da ake bajewa a wurin ita ce wasannin na'ura, watau irin waɗanda yara da samari ke bugawa a talabijin da kwamfuta da wayar hannu. An fara wannan taro a shekarar 2009. Masu shirya shi sun ce mutum 335,000 suka halarta a 2024, a 2025 kuwa adadin ya kai 357,000. Don a gane girman abin, ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Ƙaraye da ta Rogo, in an haɗa su, suna da mutum wajen 369,000. Kamar a ce an kwashe kusan dukkan jama'ar yankin nan an kai su kallon wasa cikin kwana biyar ke nan.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan manomin rake a Rogo, ko masunci a bakin madatsar ruwa ta Challawa, da abin da Turawa ke yi a Kolon? Ruwansa kuwa babba ne, domin wasan da aka gwada a can bana, baɗi yana iya kasancewa cikin wayar ɗansa ko a shagon da ke bakin kasuwar garinsu. Akwai kuma wani tsari da ake bi a wannan taro wanda ya kamata iyaye da hukumomi na yankin Ƙaraye su tsaya su dube shi da kyau.

Yadda Ake Yi a Can

Kamfanonin da ke ƙera wasannin nan sukan kawo waɗanda ba su gama ba, ko waɗanda ba su shiga kasuwa ba tukuna, su kafa rumfuna a cikin manyan zauruka, su jera na'urori. Ranar farko galibi ta 'yan kasuwa ce da 'yan jarida, sa'an nan a buɗe wa jama'a. Mutum yakan bi layi na sa'a guda ko fiye don a ba shi 'yan mintoci ya buga wani yanki na sabon wasa. Ma'aikatan kamfani suna tsaye suna lura da inda ya kakare da inda ya ji daɗi, in ya tashi su tambayi ra'ayinsa. Da abin da suka ji sukan koma su yi gyara. Mai saye kuma ya ga kaya da idonsa kafin ya fitar da kuɗinsa. Haka ake yi a baje kolin Tokyo na ƙasar Japan, wanda aka fara a 1996, haka kuma aka yi shekara da shekaru a taron E3 na Amurka kafin a daina shi a 2023.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake tsare yara a Kolon. Duk wanda ke son shiga rumfar wasan da aka ƙayyade wa shekaru, sai ya nuna katin shaida, a ɗaura masa wani ɗan zare mai launi a wuyan hannu. Kore na 'yan shekara 12 ne, shuɗi na 'yan 16, ja kuwa na waɗanda suka cika 18. Rumfunan wasannin manya a kewaye suke yadda mai wucewa ba zai hangi abin da ke ciki ba, kuma akwai mai tsaron ƙofa da ke duba hannun kowa. Wata hukuma ce mai suna USK ke duba wasanni a Jamus ta yanke shekarun da suka dace da kowanne. Yawancin sauran ƙasashen Turai suna bin wani tsari da ake kira PEGI, wanda aka kafa a 2003, inda ake buga lamba 3, ko 7, ko 12, ko 16, ko 18 a jikin kwalin wasa.

Watau su kansu masu ƙera wasannin, a ƙasashen da aka ƙera su, ba su yarda kowane yaro ya taɓa kowane wasa ba. Shahararren wasan nan GTA V da ya fito a 2013, wanda ke cike da satar mota da harbe-harbe da ashariya, lamba 18 aka buga masa.

Yadda Ake Yi a Nan

A Ƙaraye da Rogo, kamar sauran garuruwan Jihar Kano, wasannin nan ta ƙofa biyu suke shigowa. Ta farko ita ce shagunan da samari kan buɗe, su sa talabijin da na'urar PlayStation, su ta da janareta ko su kafa faifan hasken rana, yaro ya biya ya buga. Wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi tashe a irin waɗannan wurare, wanda yara ke kira FIFA ko PES, ko da yake kamfanonin sun canza musu suna. Ƙofa ta biyu ita ce wayar hannu, inda masu cajin waya da tura waƙoƙi kan zuba wa yaro wasanni, ko ya sauko da su da kansa daga intanet, irin su PUBG da Free Fire, waɗanda duk na harbi ne.

A duk ƙofofin biyu babu mai tsaro. Wasan yakan zo ba kwali, balle a ga lambar da aka buga masa. Ko da an gani, ba kowane uba ya san ma'anarta ba, tun da ba wanda ya taɓa yi masa bayani da Hausa. Mai shago shi ma yawanci bai sani ba. Sana'a ya kama don ya rufa wa kansa asiri, abin da ya ga yara na so shi yake sawa. Ta haka ɗan shekara tara kan zauna gaban wasan da a ƙasar da aka yi shi sai baligi ake bari ya gani. Uban da ba zai yarda ɗansa ya ci abincin da bai san wanda ya dafa ba, ga shi ya bar ɗan yana shafe sa'o'i da abin da shi bai taɓa leƙawa ba.

Bayan wannan akwai maganar kuɗi. Wasanni da yawa na waya kyauta ake shigarsu, amma in yaro ya yi nisa sai a fara yi masa tallar makami ko riga ko ɗan ƙwallo na cikin wasan. Wani lokaci ma akwatin sa'a ake sayar masa, ya biya bai san abin da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin wannan akwati a 2018 ta ce caca ce. Akwai kuma ƙwallon kwamfuta da shagunan caca ke nunawa, wanda ga idon yaro bai da bambanci da wasan da ya saba bugawa, alhali kuwa kuɗi ake zubawa a ci ko a faɗi cikin 'yan mintoci. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birnin Kano. Lalle ne iyaye su iya rarrabe shagon wasa da shagon caca, don kada a haɗa mai gaskiya da mai laifi, kada kuma mai laifi ya fake a bayan mai gaskiya.

Hani Kaɗai Ba Zai Yi Ba

Akwai dattawa da malamai masu ganin cewa magani shi ne a rufe shagunan duka a huta. Damuwarsu tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka, watau in wasan ya fi ƙarfin mutum har ya lalata masa karatu ko aiki ko zaman iyali na tsawon kamar shekara guda. Amma ita hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kaiwa wannan matsayi. Ƙasar Sin ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa sa'a uku a mako a 2021, sai dai ta iya yin haka ne domin kamfanonin suna ƙarƙashin ikonta, kuma kowa da sunansa na gaskiya yake rajista. Babu wata Ƙaramar Hukuma da ke da irin wannan iko.

In aka rufe shago a Rogo, wasan ba zai bar Rogo ba. Zai koma cikin waya, cikin ɗaki, da tsakar dare, inda ba idon kowa. Shago kuwa a fili yake, an san mai shi, an san iyayensa, Mai Unguwa zai iya kiransa ya yi masa magana. Bugu da ƙari, yaro ba ya rayuwa ba wasa. Dattawan yau sun yi langa da 'yar ɓuya a dandali, sun yi tashe da azumi, kuma iyayensu ba su hana su ba domin sun san wasannin, sun san lokacin da za a ce ya isa. Abin da ya ɓace yanzu shi ne wannan sani na iyaye, shi ya kamata a maido.

Abin da Ya Kamata a Yi

Shawara ita ce Ƙaramar Hukumar Ƙaraye da ta Rogo, tare da Masarautar Ƙaraye wadda dokar 2024 ta ba ta waɗannan ƙananan hukumomi biyu, su shirya ɗan ƙaramin baje kolin wasanni sau ɗaya a shekara, lokacin hutun makaranta, bana a Ƙaraye baɗi a Rogo. Zauren makarantar sakandare ɗaya ya isa. A gayyaci masu shaguna su kawo na'urorinsu da duk wasannin da suke sawa. Ranar farko ta zama ta iyaye da malaman boko da na allo da Masu Unguwanni. A kunna musu kowane wasa su gani, a fassara musu lambar da aka buga masa a Turai da dalilin buga ta. Iyaye mata su sami lokacinsu daban, tun da su ne ke tare da yara a gida, kuma sau da yawa wayarsu yara ke ɗauka. Gani ya kori ji. Uban da ya kalli GTA na minti goma ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kansa, wanda kuma ya kalli wasan ƙwallo zai gane ba kowane wasa ne abin tsoro ba.

Daga wannan zama sai a fitar da jerin wasanni da Hausa, a rubuta wanda ya dace da ƙananan yara, da na matasa, da wanda ba a yarda a sa a shago ba, a manna a ƙofar kowane shago. A haɗa da sharaɗin cewa ba a karɓar ɗalibi a lokacin makaranta, kuma a tsayar da lokacin rufewa da dare. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta daɗe tana duba fim kafin ya fita kasuwa, don haka ita ce ta fi cancanta ta taimaka wajen tsara jerin, har sauran ƙananan hukumomi su ɗauka.

Rana ta biyu ta zama ta yara da matasa. A yi gasar ƙwallon na'ura, a kuma haƙa guraben dara a gefe, gurbi 30 kowa da 'ya'ya 12, a kira gwanayen ƙauyuka su kara da samari. Dara wasan lissafi ce da hangen nesa, kuma yara da yawa sun tashi ba su iya ta ba.

A nan ne kuma za a nuna wa matasa cewa wasannin nan mutane ne ke ƙera su, sana'a ce kamar kowace. A Ikko, Hugo Obi ya kafa kamfanin Maliyo Games a 2012 yana yin wasannin waya masu labarin Afirka. A Yawunde ta ƙasar Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na kamfanin Kiro'o sun fitar da wasan Aurion a 2016, duk da matsalar wutar lantarki irin wadda aka sani a nan. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano a Kusalla yake, cikin ƙasar Ƙaraye, kuma duk shekara ana kawo matasa daga jami'o'in ƙasar nan, cikinsu har da waɗanda suka karanta ilmin kwamfuta. In aka nemi a bar wa makarantun yankin kaɗan daga cikinsu, za su iya koya wa ɗalibai matakin farko na wannan aiki. Yaron da ya iya sa dara cikin waya da Hausa ya sami abin yi, ya kuma ceci wasan kakanninsa.

Za a ce yankin da ke fama da ƙarancin azuzuwa da magani da taki ba shi da kuɗin kashewa kan wasa. Gaskiya ne waɗannan su ne kan gaba. Amma abin da ake magana a kai bai wuce aron zaure da kujeru da man janareta na kwana biyu ba, na'urori kuwa masu shaguna ne za su kawo, domin su ma ribarsu ce a san sana'arsu a fili take. Kuma kuɗin da aka kashe wajen gina aji ya tafi a banza in ɗalibin da aka gina dominsa yana shago a lokacin darasi, ko yana gyangyaɗi saboda ya kwana kan waya.

Saboda haka ana kira ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin biyu, da Sakatarorin Ilmi, da Hakimai da Dagatai, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, su zauna da masu shagunan nan tun kafin hutu mai zuwa. Kamfanonin Turai da Asiya ba za su daina ƙera sababbin wasanni ba, kuma wasannin ba za su daina isowa Ƙaraye da Rogo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haƙƙin iyaye ne su san abin da ke hannun 'ya'yansu, haƙƙin hukuma ne kuma ta sauƙaƙa musu hanyar sani.