Saƙon Waya da Lalurar Ƙiba

Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, har ta kai ga mai shayi da mai faskare da tsohuwa a cikin ɗaka kowa yana da tasa, babu ranar Allah da za ta fito ta faɗi ba a aiko mana da saƙon talla ko na neman mu sayi waƙar kira ba, alhali kuwa wannan kafa da ake ɓarnatarwa a kan abin da ba shi da fa'ida, likitoci a wasu ƙasashe sun daɗe suna nazarin yadda za ta zama sanadin lafiya ga masu fama da ƙiba. Lalurar ba ƙarama ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta wuce haddi, wadda take jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa.

A shekarar 2024 masana a Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Stirling, suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan maza 585 masu ƙiba a biranen Glasgow da Belfast da Bristol. Kashi uku suka raba su: na farko ana aika musu saƙon nasiha kullum, tare da alkawarin fam 400 wanda ake zaftarewa duk lokacin da mutum ya kasa kai mizanin da aka gindaya masa, na biyu saƙon kaɗai suke samu, na uku kuwa ba a aika musu komai ba. Da shekara ta zagayo, na farko sun rage kusan kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu, na biyu ƙasa da kashi 3, na uku kashi 1 da ɗan ɗoriya, kuma masanan da kansu suka ce tazarar da ke tsakanin masu saƙo zalla da waɗanda ba a aika wa komai ba ba ta kai a kafa hujja da ita ba.

Abin da na fahimta a nan, kuma shi ne ra'ayina, saƙo tunatarwa ce kurum, tunatarwa kuwa tana amfanar wanda ya riga ya ɗaura niyya, wanda kuma ya san akwai ranar da zai hau sikeli a gaban wani mutum da zai dube shi ya tambaye shi. Ba mu da fam 400 da za mu raba wa jama'a, wannan gaskiya ne, amma muna da abin da yake da nauyi a zuciyar Bahaushe fiye da kuɗi, wato kunyar idon wanda ya yi wa alkawari, ko ma'aikaciyar asibitin unguwa ce, ko aminin da suke tafiya sallar asuba tare.

Sai dai mas'alarmu ta fi ta Turawa sarƙaƙiya, saboda a wurinmu har yanzu tumbi alamar wadata ne, idan mace ta rame sai dangi su shiga tuhumar mijinta da rowa, kuma a shagunan magani ana sayar wa 'yan mata ƙwayoyin sha-ka-fashe ba tare da takardar likita ba. Saƙon da za a fassaro daga Turanci yana umartar magidanci ya ƙirga abin da ke cikin kowace loma ba zai tsinana komai ba. Wanda zai yi tasiri shi ne wanda ya san cewa uwargida ce take kwashe tuwo, ya san cokali nawa na sukari ake zubawa a kofin shayi guda, da lemon kwalbar da ake kora shinkafa da shi a wajen biki, ya zo da Hausa, da murya ga wanda bai iya karatun boko ba, ya kuma jingina da abin da malamai suka daɗe suna karantarwa game da haramcin israfi da kasancewar jiki amana.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Senegal, a shekarar 2014, ma'aikatar lafiya da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara aika wa masu ciwon sukari saƙonni a watan Ramadan game da abin da ya dace su ci a sahur da buɗa-baki. Ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohinmu su zauna da kamfanonin waya su tsara irin wannan kafin azumi mai zuwa, su ɗaura shi a kan awon nauyi na wata-wata kyauta a ƙananan asibitoci.