Injiniyan da Bai San Kasuwa Ba, da Sauran Karatu a Gabansa

Ya ku malaman injiniyanci, ɗalibai, iyaye da 'yan kasuwa, mu farka!

Duk shekara 'yan ajin ƙarshe a jami'o'in Zariya, Kano, Bauchi da Maiduguri suna ƙera injin casar masara, na'urar busar da tumatir da famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. A gwada a gaban malamai, a ba da maki, a jingine a lungu, ƙura ta rufe, tsatsa ta cinye. Alhali a Kura da Kadawa tumatir na ruɓewa a kwanduna idan kaya ya yi yawa, kuma tun cire tallafin fetur a 2023 mai noman rani ke kuka da kuɗin mai.

Tun wajen 2007 Hukumar Kula da Jami'o'i ta wajabta darasin koyon kasuwanci, amma an ware shi gefe guda: a cika zaure da ɗalibai, a koya musu haɗa sabulu, a yi jarrabawa, shi ke nan. Yaro ya shekara biyar yana lissafi da zane, ba a taɓa tambayarsa ba: wa zai sayi injin nan? Nawa zai iya biya? In ya lalace a ƙauye, wa zai gyara?

Malamai, manhajar da hukumar ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ku cusa waɗannan tambayoyi cikin darasin ƙira. Kada ku karɓi aikin kammala karatu sai ɗalibi ya zauna da manomi ko mai injin niƙa, ya kuma kawo farashin kowane ƙarfe daga kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa.

Ɗalibai, watannin sanin makamar aiki ba na cike littafi ba ne. Ku durƙusa gaban mai walda, ku ga yadda yake yanka farashi da yadda yake riƙe mai saye.

Alhazan Dawanau da Sharaɗa, ku kai matsalolinku jami'a, ku sa jari a injin da ya ci gwaji. Iyaye, ku daina yi wa injiniyan da ya buɗe shago kallon wanda ya rasa aikin gwamnati.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zangon karatun nan, kowane sashe ya fitar da injin ɗaya zuwa kasuwa, da farashinsa, da mai saye!