Karen da aka ceto: tausayi, sharaɗi da amana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Bayan sallar La'asar wani bawan Allah ya tsayar da ni da tambaya. Maƙwabcinsa ya tashi daga unguwa ya bar ƙaton kare ɗaure a kango, yunwa ta fito masa da haƙarƙari. Ya kwance shi, ya ba shi ruwa da abinci, yanzu kuma karen ya ƙi barin ƙofar gidansa. Shin ya riƙe shi ko ya kore shi?

Ceton da ya yi, babu saɓani a kan ladansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya sauka rijiya, ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Yaran da ke jifan karnuka a lungu, da manyan da ke kallo suna dariya, ba su da hujja a addini.

Riƙewa ta dindindin kuwa tana da sharaɗi. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ana tauye ladansa kullum da ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwayar biyu. Game da gadin gida malamai sun yi saɓani, Imam Nawawi ya rinjayar da halacci bisa ƙiyasi. Masu sharhin Risala sun kawo cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron ɓarna. Saboda haka mai gona ko garke ko gidan da ɓarayi suka addaba yana da mafita. Wanda ba shi da buƙata, ya nema wa karen makiyayi ko manomin da zai amfana da shi, wannan ma sadaka ce.

A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya sa baki a ciki kuwa ibada ce da aka umarce mu da ita. Duk da haka wurinsa tsakar gida ne ko bakin garke, a yi masa inuwa da kwanonsa daban, nesa da ɗakin kwana da wurin sallah, domin hadisi ya tabbata cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da kare.

Abin da na fi ji wa mutane tsoro shi ne ɗauka cikin zumuɗi, a yar bayan wata guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, babban kare kuwa ya riga ya bushe da halinsa. Wanda ya sha duka zai yi firgita, wanda ya sha yunwa zai yi gurnani a kan abinci. Yana buƙatar makonni na haƙuri, kuma kada a bar ƙananan yara su kaɗai tare da shi. Kafin komai a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, cutar da kusan ba a tsira daga gare ta idan alamominta suka bayyana. Idan ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti. Haƙƙin maƙwabci ma yana nan: haushin dare da tsorata masu wucewa cutarwa ce.

Mu tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Daga ranar da ka sa wa kare igiya, cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyanka har ya tsufa ya kasa gadi. Haka na gaya wa mai tambaya: ka auna buƙatarka da ƙarfinka tukuna, in ka ɗauka kuma ka riƙe amana.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai. Wallahu a'alam.