Ina Ruwan Juji Yake Zuwa?

Duk shekara idan ruwan farko ya sauka kowa murna yake yi, manomi ya ɗauko fartanya, yara su fita wasa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke tambayar inda wannan ruwa yake bi kafin ya kai rafi. A Ikara da Makarfi da Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, sau da yawa juji yana bakin kwata ne, ko kuwa a cikin kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Sharar da ta taru tun daga kaka har ƙarshen bazara, ruwan farko ne yake wanke ta. Yana ratsa jujin ya fito baƙi ƙirin mai wari, wani ya gangara fadama, wani ya nutse ƙasa ya tarar da rijiyoyin da ba su da zurfi.

Wani zai ce ai tun kaka da kakanni akwai juji, ba a kuwa mutu ba. To, amma jujin da ba irin na yanzu ba ne. A da abin da ke cikinsa toka ce, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon rake. Kafin damina manoma sun riga sun kwashe shi da jakuna zuwa gona, ya zama taki, ruwan sama ya tarar da fili. Yau kuwa ka tona juji ka gani: ledar fiya wata, mataccen batir, allurar da aka yi amfani da ita, kunzugun jarirai na zamani, da robar maganin feshi wadda ba a ko ɗauraye ba. Manomin da ya kwashi wannan, leda ya kai wa gonarsa. Wanda aka bari kuma ruwa ne zai ɗauke shi.

Abin damuwa shi ne da wannan fadama muke ci. An san Makarfi da rake da mazarƙwaila, an san Ikara da tumatir, kuma masu lambu da ruwan rafi suke ban ruwa. A nan ake wanke rake kafin a kai kasuwa, a nan shanu suke sha, a nan ƙannenmu suke iyo. Rake kuwa ba dafa shi ake yi ba. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa, kuma gurɓataccen ruwa shi ne babbar hanyarta. Wanda yake so ya ga inda sakaci yake kai rafi, ya leƙa Kubanni a Zariya, wanda yake kwasar dattin gari ya zuba a kogin Galma. Hausawa dai sun ce ruwa ba ya tsami banza.

A ganinmu ba sai an jira manyan motoci daga Kaduna ba. Hukumar KEPA tana da nata aikin, amma wurin zuba shara ƙaramar hukuma da masu unguwanni ne suke iya nunawa. A ɗauke juji daga bakin kwata da kusa da rijiya, a mai da shi kan tudu nesa da hanyar ruwa. A kwashe shi a watan Maris ko Afrilu, domin tsabtace gari a watan Agusta aikin baban giwa ne, ruwa ya riga ya yi kwasar. A ba duba-gari ƙarfin hukunta mai zuba shara a magudana, ko da babban mutum ne.

Mu ɗalibai da malamai da iyayenmu a ikilisiya, namu ya fi sauƙi. A kowane gida da kowane ɗakin kwanan ɗalibai a haƙa rami ɗaya domin toka da ɓawo da ragowar abinci, wanda zai ruɓe ya koma gonar makaranta. Leda da batir da robar magani a tara su dabam a buhu, inda ruwan sama ba zai taɓa su ba, har ranar da za a kai su jujin da hukuma ta nuna.