Zuwa ga Masu Shirya Finafinan Barkwanci: Ku Ba Mu Labarin Yaron Maye

Daga Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol a Jihar Taraba, nake rubuto muku, ku manyan 'yan camama na Kano, da ku ƙannena masu ɗaukar gajerun wasanni da waya a Jalingo da Wukari da nan garinmu kuna ɗorawa a TikTok da YouTube. Roƙo gare ni, kuma a kan mayu ne.

A 2023 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna Renfield, wanda Chris McKay ya ba da umarni. Nicolas Cage ne ya fito a matsayin Dirakula, mashayin jinin nan na littafin Bram Stoker na 1897, sai dai labarin na baransa ne, Renfield, wanda Nicholas Hoult ya fito a matsayinsa. Shi ke farauto wa maigida mutane, shi ke jinyarsa in ya ji ciwo, abin da yake samu kuwa ɗan ƙarfin da ke zuwa masa in ya ci ƙwari. A birnin New Orleans ya fara zuwa zaman waɗanda suka kasa rabuwa da masu cutar da su, a nan ya gane shi ma irinsu ne. Fim ɗin ya cika zubar da jini, bai kuma yi kasuwa ba, don haka ban ce ku kwafe shi ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Guillermo, na cikin shirin talabijin What We Do in the Shadows da aka fara a 2019. Shekara goma yana yi wa wani mashayin jini bauta bisa alkawarin wata rana za a mai da shi irinsu. Ranar da ya cika goman, ya sa rai yau ce, sai maigidan ya miƙa masa hoto kyauta. Duk wanda ya taɓa zaman shago ya san wannan ranar. Ranar sallama ce, wadda ake ɗagawa daga bayan Sallah zuwa bayan kaka, daga bayan kaka zuwa "bari kaya su iso".

Irin waɗannan yaran suna ko'ina a kan titin Jalingo zuwa Wukari. Akwai yaron shagon da ya yi gemu a bayan kanta, ana gab da sallamarsa sai a ce kuɗi sun ɓata. Akwai yaron mota mai kwana a ƙarƙashin tirela yana jiran ranar da za a ba shi sitiyari. Akwai leburan da ya yanke shinkafa a fadama aka ce ya dawo ranar kasuwa, da 'yar aikin da kuɗinta ke tafiya hannun wadda ta kawo ta. A 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma waɗannan ba albashi ake ba su ba, alkawari ake ba su. Ban manta ba, zaman yaro da ubangida shi ya tsayar da attajirai da yawa a ƙasar Hausa, kuma iyayen gida na kirki suna nan. Domin mutuncinsu ma ya kamata a fallasa azzalumai.

Kuna da abin da Amurkawa sai da suka aro daga Turai. Muna da maita tamu, da kamun kurwa, da "kurwata kur" da yara ke faɗi. To amma ku dubi wanda aka saba ɗora wa maitar a wasanninmu: tsohuwa mai tsumma a ƙarshen gari, ko gwauruwar da ba ta da mai tsaya mata. Wannan ba abin dariya ba ne, domin a zahiri irinsu ake jifa, a kore su daga gari, wani lokaci har a kashe. Ina roƙonku ku sauke maitar daga kan tsohuwa, ku ɗora ta kan mai babbar riga da turare, wanda yaransa ke ramewa shi yana ƙara sheƙi.

Kada ku sa masa fiƙa da jan ido. Mugun ubangida ba kasafai yake tsawa ba. Makaminsa daɗin baki da gori ne. "Haba, ai kai ɗan gida ne, wa ke lissafi da ɗansa?" "Ka manta yadda na tsince ka?" Zai saya wa yaro shadda da Sallah a gaban jama'a, ya riƙe masa haƙƙin shekara. In yaron ya ce zai tafi, sai maigida ya kwanta ciwo, a aiko dattawa su ba da haƙuri. A nan dariyar take, mai ciwo kuma, domin mai kallo zai gane muryar tun kafin a gama jimlar.

Shi kuma yaron kada ku mai da shi dolo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya sha fitowa a talakan da ya fi mai kuɗi wayo, shi ya sa masu dako da 'yan acaɓa suka riƙe shi nasu. Yaron maye ya san ana cutarsa. Abin da ya ɗaure shi kunya ce, da tsoron a ce masa butulu, da tuwon da iyayensa ke ci ta dalilin maigida. Ku nuna mana wannan ɗaurin.

Ku kuma na Taraba, ku yi hattara da kwaikwayon harshe. A Gassol Bafulatani da Bajukune da Tibi da Mumuye da Bahaushe kasuwa ɗaya suke ci, mun kuma ga inda tsokanar ƙabila ke kai mu. Mayenku kada ya zama ɗan wata ƙabila da za a nuna da yatsa. Sannan kafin ku tashi daga lokeshan, ku biya mai riƙe fitila da mai ɗaukar kaya, kada ku sallame su da "in fim ya fita".

Saura ƙarshen labari. An saba malam ya zo ya yi tofi maye ya ƙone, ko yaro ya tsinci jakar kuɗi ya rama. Yaron da ke kallo a shago ba shi da ko ɗaya. Ku ba shi abin da zai iya gobe. Ya fara rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a ɗan littafinsa. Ya gano sauran yaran layin ma haka ake musu, su daina ɓoye wa juna. Su je wurin sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiya da shaidu, a zaunar da maigida, a yanke ranar sallama da adadin jari, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ku bar kyamara a kan fuskar maigida lokacin da ake karanta takardar da ƙarfi.