Kun ga madigo a Vigil, amma ƙaryar U-571 ta wuce ku

1/ Jiya a wani group na masu kallon fim an kusa cinye ni ɗanye saboda na ce Vigil, shirin BBC na 2021, ya yi kyau. Wai jami'ar binciken da aka tura cikin jirgin yaƙin ƙarƙashin teku tana soyayya da mace, don haka "ajanda" ce. To, ku zauna mu yi magana.

2/ Ban zo sauya wa kowa aƙida ba, kowa ya san abin da ya yi imani da shi. Abin da ke ba ni haushi shi ne idonmu na kama abin da aka SAKA a fim, amma abin da aka CIRE sai ya wuce mu kamar ba a yi ba.

3/ Ku lissafa manyan fina-finan jiragen nan: Das Boot (1981), The Hunt for Red October (1990), Crimson Tide (1995), U-571 (2000). Maza zalla, cunkushe cikin ƙarfe. Ku nuna min jarumi ɗaya ɗan luwaɗi a cikinsu. Babu. To ina mamayar da ake ta ihu a kai?

4/ Kuma ba don babu su a rundunonin ba ne. Doka ce ta sa su ɓuya. Birtaniya ba ta ɗage haramcin ba sai 2000. A Amurka kuwa, har 2011 wanda ya bayyana kansa korarsa ake yi.

5/ Yanzu ga inda gizo ke saƙar. U-571 ya nuna wai Amurkawa ne suka ƙwato na'urar sirrin Jamus, Enigma, daga jirgin ƙarƙashin teku. Ƙarya! Sojojin ruwan Birtaniya na HMS Bulldog ne suka ɗauko ta daga U-110 a watan Mayun 1941, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba. Har Tony Blair sai da ya soki fim ɗin a majalisa.

6/ Wa ya jagoranci sashen da ya warware saƙonnin sirrin jiragen Jamus a Bletchley Park? Alan Turing. Ɗan luwaɗi ne. Aikinsa ya taimaka wa jiragen abinci da makamai tsere wa farmaki a Tekun Atlantika.

7/ Sakamakonsa? A 1952 kotu ta same shi da laifi, aka yi masa allurar kashe sha'awa. Ya mutu 1954 yana da shekara 41. Sai 2013 aka yi masa afuwa, yau hotonsa na kan takardar fam 50.

8/ Wato fim ya sace tarihin wata ƙasa ya miƙa wa Amurka, mun tafa mun ce "action". Wani shirin ya nuna mata biyu, mun ce duniya ta tashi. Wanne ne ya fi wasa da hankalinka?

9/ Ka ƙi kallon abin da ba ka so, haƙƙinka ne, rimot na hannunka. Amma kar ka zo min da hukunci daga bidiyon daƙiƙa 30 na TikTok. Ka kalla, ka karanta tarihin, sannan mu yi musu. Ina nan a comment, ban da zagi don Allah.