Kaliningrad: gidan Rasha da ƙofarsa ke zauren maƙwabta

Ka tuna watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da wasu samari suka fito titunan Kano ɗauke da tutar Rasha? Har yau in ka zauna a Farm Centre ana gyara maka waya, ko a teburin mai shayi a Gyadi-Gyadi, sai ka ji wani yana rantsuwa wai Putin ba ya shakkar kowa. To, buɗe taswirar wayarka ka nemo Kaliningrad.

Yanki ne na Rasha da bai haɗa iyaka da sauran Rasha ba. Poland na kudu da shi, Lithuania na arewa da gabas, tekun Baltic na yamma. Girmansa bai kai jihar Kano ba, mutanensa kuma kusan miliyan 1. A da birnin Jamus ne. Tarayyar Sobiyet ta ƙwace shi a 1945, ta raɗa masa wannan suna a 1946. Da Sobiyet ta wargaje a 1991, sai ya wayi gari a tsakiyar baƙi. Poland ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1999, Lithuania ta bi sahu a 2004.

Me ya sa Turai ba ta barci a kansa? A can hedikwatar rundunar ruwan Rasha ta Baltic take, a can kuma ta girke makamai masu linzami samfurin Iskander. Tsakanin Kaliningrad da Belarus, ƙawar Rasha, akwai wani ɗan zirin ƙasa da ake kira Suwalki, kimanin kilomita 65. Rasha na toshe shi, Lithuania da Latvia da Estonia sun rabu da sauran NATO ta ƙasa ke nan.

Wannan shi masu TikTok suke yaɗawa. Abin da ba sa faɗa maka shi ne, gidan da sai ka bi ta zauren maƙwabci kafin ka shige shi, ai mabuɗinsa ba a aljihunka yake ba. A Yunin 2022 Lithuania ta hana jiragen ƙasa wucewa da ƙarfe da sauran kayan da Tarayyar Turai ta sa wa takunkumi. Mosko ta yi ta kumfar baki, amma sai da Turai ta sassauta a Yuli kafin kaya su ci gaba da wucewa. Tekun ma ba sauƙi: Finland ta shiga NATO a 2023, Sweden a 2024.

Kar ka ce wannan labarin Turawa ne, mu ma fa mun gani a ƙofar gida. Nijar ba ta da teku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe Jibiya da Illela da Maigatari, ta yanke wutar da take ba Yamai, Benin kuma ta tare hanyar Kwatano. Tambayi duk ɗan kasuwar Dawanau da ke hulɗa da Maraɗi yadda ya ji a jikinsa kafin a buɗe iyaka a Maris 2024. Ciwon bai tsaya a Nijar kaɗai ba, har mu ya taɓa.

Sojojin Rasha masu ba da horo sun sauka Yamai a Afrilun 2024, aka yi ta shewa a Facebook. Wata guda bayan haka Benin ta hana a loda ɗanyen man Nijar a jirgin ruwa, don bututun da ya taso daga Agadem, kusan kilomita 2,000, a gaɓar tekun Benin ya ƙare.